Helvetia Uku da Kujera Ɗaya

Mijina Fridolin ya yi shekara talatin da huɗu yana shugabancin tashar jirgin ƙasa da ke gindin kwarinmu, kuma har gobe ya yi imani cewa tsoronsa ne ya sa jiragen Suwizalan ke zuwa kan lokaci. Da ya yi ritaya sai ya dawo da tashar cikin gida. Ya san minti nawa ya kamata ƙwai ya yi a wuta, ya san inda nake kuskure wajen shanya, kuma ba ya ɓoyewa. Ranar Alhamis ce ta riƙe aurenmu. Daga ƙarfe biyu zuwa shida yakan tafi gidan abincin Berta ya buga karta da abokansa uku, a teburin da ke jikin murhu, kan kujerar da ubansa da kakansa suka zauna a kai. Ni kuwa in rufe ƙofa, in miƙe ƙafa, in sha shiru har in ƙoshi.

Wata Alhamis cikin watan Yuli ya manta tabaraunsa, na bi shi da shi. Na same shi tsaye, karta a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana nuna Meinrad, mai injin yankan katako, wanda ke shugabantar kwamitin bikin saukowar shanu daga kan dutse.

"Shekara goma sha tara bikin nan yana hannunka, me ka ƙara? Shanu su sauko, mu tafa, mu ci cuku, mu watse. Ƙauyen hayi bara manyan motoci goma sha biyu suka cika da baƙi. Mu fa? Surukarka da karenta."

Meinrad bai ɗaga kai daga kartarsa ba. Ya ce, "Shanu ba sa jin usur, Shugaban Tasha. Zauna ka yi wasa."

"Duk abin da ke tafiya a layi ni ne ubansa. Ku ba ni bikin bana kaɗai. In bai fi na kowace shekara kyau ba, ga kujerar nan, na bar ta har abada."

Berta ta dire farantin da ke hannunta. "Fridli, ta kakanka ce fa."

"Na faɗa, na kuma."

"Berta," in ji Meinrad, "ara mana takarda."

A wurinmu magana ba ta zama magana sai an rubuta. Aka rubuta, Fridolin ya sa hannu, sannan ya juyo ya karɓi tabaraunsa don ya ga abin da ya sa wa hannu.

Mako guda yana zagaye falo babu dabara ko ɗaya. Ina kallonsa ina ganin duk Alhamis ɗin da suka rage mini a duniya suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ran nan yana lasar kan sarki zai manna a wasiƙa, sai ya tsaya da harshe a waje.

"Hedi, wai me ya sa suke rubuta Helvetia a nan? Ba mu da suna ne?"

Daga nan nawa laifin ya fara. Shekara talatin ina koyarwa a makarantar ƙauye, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, amsar kuwa tana nan a bakina tana jira. Na ce masa sunan Latin ne, daga Helvetii, mutanen da Rumawa suka tarar a ƙasar nan. Tunda harsuna huɗu gare mu, kowa kuma da saurin fushi, sai aka ɗauko harshen da ba mai magana da shi don kada a ce an fifita wani. Da na tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma na ɗauko sulalla na nuna masa matar da ke jiki, da mashinta da garkuwarta, na ce ita ma sunanta ke nan. Na ce akwai ƙauye a Amurka mai wannan suna, akwai gari a Uruguay, duk mutanenmu da suka yi ƙaura ne suka kafa. Na lissafa jiragen ruwa da masaukan baƙi. Har da wani dutse da ke yawo a sararin samaniya.

Idonsa ya yi wani irin haske da na sani, na kuma tsana.

"Duka Helvetia?"

"Duka."

"To ai an gama. Zan tara su."

"Su wa?"

"Helvetia na duniya kaf. Su sauko tare da shanunmu. Meinrad zai haɗiye hularsa."

Ya rubuta wasiƙu goma sha ɗaya, ni na gyara masa rubutun, har ina ƙara ƙawa. Mutanen Amurka suka aiko da godiya da hoton zauren taronsu, suka ce in ya samu hali shi ya zo. Daga Uruguay shiru. Masu nazarin taurari suka amsa cikin ladabi cewa ba a ganin dutsen da rana, kuma ba su da ikon sauya masa hanya. Fridolin ya rubuta a gefen wasiƙarsu: ba su da haɗin kai.

Zuwa ƙarshen Agusta, Helvetia na duniya sun dawo uku. Ta farko wani tsohon kwalekwale ne na wan Berta, da ke kife a bayan gidansa a bakin tafkin ƙasa, sunan yana jikinsa da farin fenti. Mai shi ya ce a ɗauka, sharaɗinsa ɗaya, kada ya taɓa ruwa, don rabonsa da ruwa shekara takwas. Fridolin ya ce kan amalanken ciyawa za a ɗora shi, tarakta ta ja, ina shi ina ruwa.

Ta biyu ita ce matar da za ta tsaya a ciki da mashi da garkuwa. Ya tambayi mata tara. Berta ta ce, "Ina da abu mai tsini a kicin, Fridli. Sake tambayata ka gan shi." Daga ƙarshe ya dawo gida ya tsaya a kaina ina feraye dankali.

"Hedi, tsayuwa ce kawai. Kin iya tsayuwa, na sha ganinki."

Na tuna Alhamis, na ce to. Kuma gara in faɗi gaskiya tunda na fara. Da na yafa farin zanen gado, na ɗora kambin ganye a kai, na riƙe sandar tuta da murfin tukunyar cuku da aka yi wa jan fenti da farin gicciye, na dubi madubi, abin ya burge ni. Kwana uku ina gwada yadda zan ɗaga haɓa in Fridolin ya fita.

Ta uku sai da muka hau dutse muka samo ta. Wendel, makiyayin da ke kai shanun ƙauye sama kowace bazara tun ina budurwa, yana zaune ƙofar bukkarsa da lofe a baki.

"Wendel, an ce akwai Helvetia a garkenka."

"Akwai. Ga ta can ƙarshe."

Wata 'yar ƙaramar saniya ce mai ruwan ƙasa, tana tsaye nesa da kwamin ruwa tana jiran 'yan maruƙa su gama sha.

"Madalla. Ita za ta shige gaba. A sa mata babbar ƙararrawa da kambin furanni."

Wendel ya cire lofen. Ban taɓa ganin ya cire shi don magana ba. "Ƙararrawar Alma ce. Shekara shida tana gaba." Ya nuna wata ƙatuwar saniya mai wuya kamar kututture, da ke kallonmu kamar mun shigo mata ɗaki ba sallama. "Ba ni na ba ta ba. Da ƙahonta ta karɓa."

"Haba Wendel. Saniya ce. Ina ta san ƙararrawar wa ke wuyan wa?"

"Ta fi ka sanin kujerar wa ke jikin murhu."

"Ni da na sauya wa jirage hanya da yatsa ɗaya, saniya za ta gagare ni?"

Wendel ya juyo gare ni. "Malama, ke kin yarda da wannan?"

Na tashi a gidan da ke da shanu huɗu. Na san sarai abin da ke faruwa in an raba shugabar garke da ƙararrawarta, kowane ɗan kwarin nan da aka haifa kusa da turke ya sani. Amma na riga na hango jerin a raina, saniya Helvetia, kwalekwale Helvetia, da ni a tsakiya haɓa a sama. Na ce, "A takarda dai zai yi kyau."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce wa Fridolin, "Rubuta cewa kai ka ce a sauya, ka sa hannu." Ya ninke takardar ya cusa cikin hularsa.

Fridolin ya buga jadawalin bikin minti bayan minti, kamar na tasha, ya raba wa kowane gida, ya manna a ƙofar coci. Ya sa talla a jaridu uku. Ranar Asabar ta uku cikin Satumba, manyan motoci goma sha huɗu suka cika filin makaranta. Ya ja Meinrad ta hannun riga ya ƙirga masa su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗaure kwalekwalen kan amalanke da kansa, da wani ƙulli da ya ce wani matuƙin jirgin ruwa ya koya masa a cikin jirgin ƙasa. Ya taimaka mini na hau, ya ce Helvetia ba ta magana, ba ta sosa jiki, ya tafi dandali ya hau dakali ya kama lasifika.

An ajiye mu a bakin gada, inda hanyar dutse ke shigowa ƙauye. Meinrad ne a kan tarakta, jadawali a manne gabansa. Tsarin shi ne shanu su ƙetaro gada, mu shiga bayan saniya Helvetia, a tafi dandali. Tunda na fi kowa tsawo a ranar, ni kaɗai nake hango kwanar ƙarshe ta gangaren. Garken yana can tsaye. Ƙaramar Helvetia, kanta ya sunkuya don nauyin ƙararrawa, furanni sun rufe mata ido, sai matsawa gefe take yi tana ba Alma hanya. Alma kuwa ta kafe ƙafafu, wuyanta wayam, ta ƙi motsi. Shanu sittin na bayansu suna jiran a gama shari'a. Wendel ya jingina da shinge yana shan lofensa.

Goma da rabi daidai, muryar mijina ta cika kwarin. "Jama'a, ga shanunmu nan sun iso gada!"

Bai waiwaya ba. Shekara talatin da huɗu bai taɓa buƙatar waiwayawa ba, in agogo ya ce jirgi ya iso, to ya iso. Mutum ɗari bakwai suka juya suka dubi gada. Ba kowa a kanta sai tattabara ɗaya.

'Yan badujala suka dubi takardarsu, suka ga goma da rabi, suka kama busa, suka taho cikin taku, suna raka iska. Goma da minti talatin da biyar limamin coci ya fito da ruwan albarka. Ya dubi hanya, ya dubi agogo, yana da ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya a ƙauyen hayi. Ya yayyafa wa kwalta ruwa a inda ya kamata shanu su kasance. Karen surukar Meinrad ne kaɗai ya samu albarkar.

Da minti arba'in, tarakta ta yi gurnani.

Na karya dokar Helvetia, na yi magana ta gefen baki. "Meinrad, don girman Allah jira. Ba su taho ba."

"Arba'in ya ce, Malama. Ga sa hannunsa."

"Kai ma ka san..."

"Ni katako na sani. Riƙe mashinki da kyau."

Haka na ratsa ƙauyen da aka haife ni, ni kaɗai, cikin kwalekwale, a kan amalanke, cikin zanen gado. Baƙi suna ɗaukar hoto. 'Yan gari sun yi tsit irin na jana'iza, sai wani mahauci da na koyar da shi ƙidaya ya ɗaga murya, "Malama, a ina kika baro shanun?" Maƙwabciyata Rosli ta ce wa ta kusa da ita, yadda kowa zai ji, "Ai na san zanen nan. Shi take shanyawa ranar Litinin, ga facin nan ta ƙasa." Na ɗaga haɓa. Ba abin da ya rage mini sai ita.

Meinrad ya tsayar da mu a dandali, daidai inda jadawali ya ce, kan ɗan gangaren da ke sauka zuwa tafkin da 'yan kwana-kwana ke ɗibar ruwa. Sai a lokacin Fridolin ya ɗaga kai daga agogo. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya sake dubana kamar ni na cinye garken.

"Ina suke?"

"Helvetia ba ta magana," na ce.

Ya yar da lasifika, ya fizgi igiya da jakar gishiri daga wani rumbu, ya kama hanyar gada da gudu, jelar kwat ɗinsa tana kaɗawa. Taro bai tsaya ba don ba ya nan. Mawaƙan coci suka rera waƙar maraba da shanu a minti hamsin. Mai unguwa ya karanta jawabinsa, ya yaba wa lafiyar dabbobin da ke gabanmu.

Daga inda nake na ga mijina ya isa kwanar. Na ga ya ɗaura wa ƙaramar Helvetia igiya, ya naɗe ɗaya bakin a hannunsa, ya ja ta ta gaban hancin Alma. Ƙararrawar ta yi ƙara sau ɗaya, mai zurfi, har dandali aka ji. Alma ta sunkuyar da kai.

Ban taɓa sanin Fridolin ya iya gudu haka ba, kodayake ba da son ransa yake yi ba. Helvetia ce a gaba, kamar yadda jadawali ya tsara, ƙararrawa na dukan ƙirjinta. Shi yana biye a ƙarshen igiya, ƙafafunsa suna taɓa ƙasa jefi-jefi. Alma na bayansa da taku biyu. Sauran sittin suka biyo, rabi suna bin ƙarar da suka saba bi, rabi suna bin saniyar da suka saba tsoro. Suka ƙetaro gada da jinkirin minti ashirin da shida.

'Yan badujala suka watse, mai babban ƙaho ya haye matakalar coci da abinsa a wuya. Rumfar masu cuku ta kife, manyan curi suka gangara kan titi, wani baƙo ya bi ɗaya da gudu yana ɗaukar hotonsa. Shanu uku suka tsaya a tagar Rosli suka cinye furannin da ta ci gasa da su bara. Ita kuwa ƙaramar Helvetia, da ta rasa maɓoya, sai ta nufo amalankenmu ta kewaya shi sau biyu, ta naɗe Fridolin a jikin taya, ta laɓe ta gaba tana rawar jiki. Alma ba ta san kewaye ba. Ta taho kai tsaye ta tunkuyi amalanken sau ɗaya.

Ƙullin matuƙin jirgin ruwa ya kwance kamar zaren takalmi. Kwalekwalen ya zame ta baya, ya sauka kan ciyawa, ya bi gangare a hankali, ya shiga tafki. Ban faɗi ba. Daga baya mutane sun ce jarumta ce, amma gwiwoyina ne suka ƙage. Na tafi har tsakiyar tafkin a tsaye, mashi a dama, garkuwa a hagu. Baƙi suka ɓarke da tafi, sun ɗauka cikin shiri ne. Sai na ji sanyi a idon sawuna, na tuna sharaɗin wan Berta.

Wendel ya iso a ƙafa, ba gaggawa. Ya tsaya kan Fridolin, wanda ke zaune a ƙasa ɗaure da taya, cikin abin da shanu sittin masu firgici suka bari.

"Shugaban Tasha, in cire?"

"Cire! Cire mata!"

Wendel ya zaro takardar daga hularsa, ya juya bayanta, ya miƙa masa da guntun fensir. "Rubuta."

Mijina ya rubuta a kan gwiwarsa, gaban mutum ɗari bakwai, ya sa hannu. Wendel ya karanta har ƙasa, sannan ya kwance ƙararrawar ya ɗaura wa Alma. Ta girgiza wuya sau ɗaya. Shanun nan suka bar abin da suke ci, kowace ta nemi gurbinta, Helvetia ta koma can ƙarshe da saurinta, suka ratsa ƙauye cikin jerin da ban taɓa ganin mai kyansa ba. Kowa ya bi su. Sai da kwalekwalen ya zauna a ƙasan tafki, ruwa ya kawo mini ƙugu, sannan Berta ta waiwayo ta yi ihu a kawo tsani.

Alhamis ta gaba na raka shi gidan Berta. Wurin ya cika kamar ranar zaɓe. Fridolin ya tsaya bayan kujerar ya dafa ta.

"Motoci goma sha huɗu," ya ce. "Ku faɗa mini shekarar da aka taɓa samun haka. Har jaridar birni ta buga hotonmu."

"Hoton matarka," in ji Meinrad. Ya buɗe takardar. "Nan an rubuta in bai fi kyau ba. Ba a rubuta in bai fi dariya ba. Wanda ya ga ya fi kyau ya ɗaga hannu."

Hannu ɗaya ya tashi, na Fridolin. Ya dube ni. Na dubi murhu.

Amma da na ga ya saki kujerar, sai bakina ya buɗe da kansa. "Meinrad, ku yi masa wani hukuncin. Ya share dandali shekara guda, ya dasa wa Rosli furanni. In kuka kore shi daga nan, gidana zai dawo. Kowace Alhamis. Ni me na yi muku?"

Berta ta yi dariya har ta zauna. Wendel, da ke can lungu, ya ce, "Kin ce a takarda zai yi kyau, Malama."



Meinrad ya shafa haɓarsa. "Abin da aka rubuta an rubuta, ba zai sake zama a kai ba. Amma wasan nan ba ya yiwuwa sai da mutum huɗu, kujerar kuma shekara tamanin tana hannun zuriyarsu. A gidan nasu mutum ɗaya na gani ranar Asabar da aka ce ya tsaya a wuri ya tsaya." Ya tura kujerar da ƙafa zuwa wajena. "Wa ya yarda?"

Hannaye suka tashi har na masu wanke kwanuka. Na ce ni ban nema ba, ina da aiki a gida. Berta ta dafa kafaɗuna biyu ta zaunar da ni, aka raba karta.

Takardar ta hana Fridolin zama, ba ta hana shi tsayuwa ba. Ya tsaya a bayana, numfashinsa na sauka a ƙeyata, kuma nan yake tsayawa kowace Alhamis tun daga ranar, daga biyu zuwa shida. Na zaro karta ɗaya.

"Ba wannan ba, Hedi. Ke! Ba wannan ba!"

Na ajiye ta. Meinrad ya dube ta, ya yi tsaki, ya zubar da nasa. Fridolin ya miƙe tsaye sosai, ya gyara kwat, ya juya ga jama'a.

"Kun gani? Ni na koya mata."